Idon Baba Isihaka a Milimita Uku

Wallahi ko na tsufa ba zan manta da safiyar da aka kawo Baba Isihaka ba. A shekarun ƙarshe na mulkin soja ne, ina ɗaukar hoton ido a wani asibiti a Khartum. Sabuwar na'urarmu da haske take bin ƙananan jijiyoyin jini na bayan ido, ɗigo-ɗigo. In ka sa ta ɗauki faɗin milimita shida na ido, nan take ta gama, amma ɗigon ya warwatsu. In ka sa uku, ɗigon ya matsu, sai dai ido ya daɗe a tsaye. Mu kuwa, saboda layi da ɗauke wuta, shida muke buga wa kowa.

Baba Bahaushe ne, maƙerin zinariya a kasuwar Umdurman. Ciwon suga ya cinye idon hagu, saura na dama. Hoton da na ɗauka ya fito da baƙin fili a tsakiya. Likitanmu, mai muƙamin akid, wato kanar, ya duba ya ce, "Jijiyoyin sun mutu. Allurar ido ba ta da amfani, a sallame shi."

Na ce, "Ya Daktor, a shida na ɗauka. Ƙila jijiyoyin sun faɗa tsakanin ɗigo."

Ya harare ni. "Tsoho zai iya tsai da ido?"

Na koma wurin Baba, na mai da na'urar milimita uku, na ce da Hausa, "Baba, kalli koren hasken nan, kada ka ƙifta."

Ya yi dariya. "'Yata, tun ba a haifi ubanki ba nake zura wa sarƙa ido. Danna abinki."

Kai, jama'a! Mutumin nan ko gashin idonsa bai motsa ba. Hoto ya soma sauka layi-layi, sai ga jijiyoyi sirara kamar zaren ɗinki, sun cika wurin da muka ce ya mutu. Ban san sanda na rangaɗa guɗa a ofis ba. Akid ya shigo a fusace, ya dubi allo, sannan ya ce, "A shirya allura."

Murna ta hana ni zama ranar, kunya kuma ta biyo baya, don na tuna waɗanda muka sallama kafin shi. Washegari na zaro katunansu, na fara kiran su ɗaya-ɗaya.

Ku sababbin ma'aikata, in kun ga baƙi a hoto, ku fara tambayar abin da kuka danna kafin ku ce wa mutum idonsa ya mutu. Baba Isihaka ya koma maƙera. 'Yan kunnen nan da kuke gani, da idon nan ya ƙera su.