Wurin da Aka Ƙona wa Uwar Yara

Uwar yarana ta daɗe da ciwon mara, tun soja ba su koma bariki ba. Ba irin ciwon da ke kwantar da mutum ba ne, mai naci ne kawai. In mafitsararta ta fara cika sai ta ji kamar an ɗora mata garwashi a ƙasan cibiya, in ta zaga ta sauke ya lafa, kafin a jima ya dawo. An auna fitsarinta ba sau ɗaya ba, a ce ba a ga komai ba. Mu a gida sanyi muke ce mashi, kamar yadda muke ce wa duk abin da ya sami mace daga cibiya zuwa gwiwa.

Da farar hula suka karɓi mulki sai kyauta ta yi yawa a gari. Yau a duba ido, gobe a raba gidan sauro, jibi a zo da allura har cikin zaure. Ni kuwa kayan yaji nake sayarwa a Babbar Kasuwa, kuma na san duk ranar da na cika wa mutum gyara, to barkonon ya kwana biyu ne. Karatuna bai wuce aji uku ba, amma wannan kam na iya shi. Saboda haka da aka yi shela a unguwarmu ta Ƙofar Marusa cewa matan aure su je asibiti a duba masu bakin mahaifa kyauta, na ce ba da matata ba.

Ta nemi izinin zuwa gaida yayata a Ƙofar Durbi, na ba ta. Yayar nan tawa ita ta goye ni, mijinta ya rasu, kuma har na yi furfura in ta kalle ni sai na gyara zama. Daga gidanta ta ɗauki uwar yara suka zarce asibiti. Da yamma sai ga su tare, Yaya ta sa aka kira ni tsakar gida.

"An duba ta," in ji Yaya. "Sun shafa wani ruwa, wuri ya yi fari a bakin mahaifa. Sun ce ba daji ba ne, amma in an bar shi yana iya zama. Za su ƙona wurin."

Na ce, "Yaya, mace ta fita da ƙafafunta lafiya lau, ta dawo da cuta? Haka bakanike ke yi, ka kai mashi keke a sa iska ya ce kaca ta mutu."

"Kai ka taɓa ganin bakin mahaifa?"

"Ban taɓa ba."

"To rufe naka."

Aka ƙona. Ba a kwantar da ita ba, ranar ta dawo. Aka ce in wata shida ya cika ta koma a sake dubawa, don wani lokaci abin yakan rage saiwa. Aka kuma aiko mani da saƙo cewa in yi nesa da shimfiɗarta na wasu makonni. Wannan saƙon ya ƙara mani zargi. Na ce ga shi nan, ƙayyade iyalin da ake ta faɗa ne ya shigo ta bayan gida. Autanmu a lokacin ya fara sakandare, amma ban bari wannan ya ɓata mani lissafi ba.

Yaya ta naɗo kayanta ta tare a gidan. A wurinta, duk macen da aka taɓa a wannan waje mai jego ce, ko da jariri ko babu. Aka ɗora tukunyar ruwan zafi, aka dama kunun kanwa, aka ce mani in kawo yaji. Nan fa aka zo gonata. Na zaɓo barkono tsidugu, da citta mai yatsu, da masoro, da kimba, da kanumfari, irin wanda ban sayar wa kowa sai surukai. Aka daka, ƙamshi har maƙwabta suna atishawa. Tuwo da yaji, farfesu da yaji, shayi ma sai an jefa citta. Uwar yara tana ci tana share hawaye, mu muna cewa magani na aiki.

Ciwon mara kuwa ya tashi kamar an zuga shi. Da can takan riƙe alwala daga azahar zuwa la'asar, yanzu tana idar da salla za ta zari buta. Ta daina zuwa Islamiyyar matan aure, don ba ta iya zama har malama ta gama. In ta durƙusa wanke-wanke sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Ba ta ce mani komai ba, irin wannan magana ba ta shiga tsakanin mace da mijinta a gidajenmu. Fuskarta kawai nake karantawa.

Na kai maganar majalisarmu ta kasuwa, a sakaye, wai matar wani ce. Mai goro ya ce ai injin da suka yi aikin da shi ya zarce ne ya ƙona mafitsara. Mai tsintsiya ya ce a'a, abu suka cire suka tafi da shi ƙasar waje. Wani ya ce sababbin likitoci ake koya wa hannu a jikin matan talakawa, in sun ƙware su tafi yi wa matan 'yan siyasa. Na ɗauki duka ukun, ban bar ko ɗaya ba.

Na dawo gida na yanke hukunci a gaban Yaya, da ƙarfi. Na ce ba mai sake kai mani mata asibitin nan. Abin mamaki, Yaya ba ta musa ba, ita ma ta fara tsorata. Uwar yara ce ta yi magana, kanta a ƙasa.

"Malam, in abin yana nan fa?"

"Wane abu?"

"Wanda suka ce yana iya zama daji. Ciwon mara na san shi, shi wancan ban san shi ba."

Na yi tsaki na fita. Amma maganar ta bi ni har rumfa. In na hana ta komawa kuma abin yana ci a ɓoye, ni na kashe ta. In na bar ta ta koma suka ƙarasa mafitsarar, ni na miƙa ta. Na ga gara in je da kaina in ga idon wanda ya yi aikin.

Na sa babbar riga don a ji tsorona. A sashen mata aka nuna mani wata nas, babbar mace mai tabarau, aka ce ita ke kula da masu wannan aiki. Na yi gaisuwa a taƙaice, na ce na zo jin dalilin da ya sa aka ƙona wa matata mafitsara. Tana buɗe baki na ji Hausarta, na san Banufiya ce. Ita ma ta ji tawa. Tsakanin Bakatsine da Banufe kuwa akwai wasa tun kakanni, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya, kuma duk abin da ta faɗa maka ba ka da damar fushi, ko gemunka ya kai ƙirji.

"Au, bawana ne ma," in ji ta. "Shi ya sa na ji ana ta haushi a baranda. Zauna, Baba, kafin rigar aron nan ta kayar da kai."

Wata Bahaushiya ba za ta iya yi mani maganar marar matata ido da ido ba, ni ma ba zan tsaya ji ba. Amma wannan sai ta jawo kujera ta dinga jefo tambaya. Tun yaushe take ciwon? Yana lafawa in ta yi fitsari? Me ya sa ba ta faɗa masu ba kafin a yi aikin? Na ce ba a tambaye ta sanyi ba, mahaifa aka tambaye ta.

Ta ce, "Ba mu taɓa mafitsara ba. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, maƙwabta ne, katanga ɗaya, jijiyoyinsu a haɗe. Mai irin ciwonta, in aka taɓa gidan nan, wancan yakan tashi. Ga wasu ya kwanta bayan 'yan makonni, ga wasu ya daɗe, wasu kuma ko gezau. Ba mu san wanda zai sami wa ba. Da mun sani da mun bi ta a hankali."

Na ce a raina, ga shi ta amsa laifi da bakinta. Na gyara hula zan tashi da nasara, sai ta ce, "Me kuke ba ta a gida?"

Na lissafa mata da alfahari, har da kimba.

Ta cire tabarau ta dube ni. "Haihuwa ta yi?"

"A'a."

"To jegon mene ne? Mafitsara mai ciwo ka zuba mata barkono da citta da shayi? Kai, Katsinawa! In aka ba ku mara lafiya sai ku yi kilishinsa."

Na ce, "Ke Banufiya, mi kika sani game da yaji ban da kifi?"

"Abin da na sani shi ne, ka tafi ka ɗauke shi. Ruwa za ta sha, ba mai yawa lokaci guda ba. A daina zaunar da ita cikin ruwan zafi, tsumma mai ɗumi a mara ya isa. In ta ga jini ko zazzaɓi ku zo da gudu. In wata shidan ya cika ka kawo ta, ni zan duba ta da hannuna."

Na fito ina tunani, ashe haka ake yi: su ƙona, a ɗora wa barkonona laifi. Duk da haka na ɗauke yajin. Yaya ta yi fushi, ta ce tun da Banufiya ta fi ta sanin mace, ta koma Ƙofar Durbi.

Ciwon bai tafi ba, amma ya sauko a hankali, har ta koma Islamiyya tana zama kusa da ƙofa. Ko rashin yajin ne, ko lokacin kwanciyarsa ne ya yi, har yau ban sani ba. Ita nas ɗin ma da na ƙure ta daga baya cewa ta yi ba ta sani ba, kuma wannan ne karo na farko da na ɗan yarda da ma'aikacin asibiti.

Ranar komawa ni na raka ta. Na zauna a benci kusa da labule, na kasa kunne, na yi niyyar in na ji ƙara ko ƙaurin ƙuna in faɗa ciki, kunya ta zo daga baya. Na ji nas tana ce mata ta fara zagawa tukuna. Na ji tana cewa ƙaramin ƙarfe za ta sa, in ta ji zafi ta yi magana a tsaya. Na yi ta jan carbi ba tare da na san me nake karantawa ba.

Suka fito, uwar yara tana takawa a hankali, hannu a mara. Nas ta ce wuri ya warke, ba a ga komai ba, amma marar za ta iya yin tsami na 'yan kwanaki. Ta ƙara da cewa bayan wasu shekaru sai ta sake zuwa a duba.

Na ce, "Sake mi? Ba an ce ya warke ba? To mi kuke nema kuma a..."

"Zan zo," in ji uwar yara.

Tun da aka ɗaura mana aure ba ta taɓa katse ni a gaban mutane ba. Na dube ta, ta dube ni, ba ta sunkuyar da kai ba. Na sunkuya na jawo mata takalmanta daga ƙarƙashin benci, don durƙuso yana yi mata wuya.