Komar Ladan a Zauren Sarkin Ruwa

Ranar da Ladan ya dawo Tiga, hadari ya haɗo ta wajen Riruwai, iska na kaɗa kwalekwale a bakin dam. Ladan masunci ne tun yana yaro, kuma mutum ne da ba ya yarda da abu sai ya taɓa da hannunsa.

Wata ƙungiya ce ta ɗauke shi da wasu masunta zuwa gaɓar tekun Kenya, su ga inda mutanen wani ƙauye suka hana kansu kamun kifi a wani yanki. Aka sa su a jirgi mai gindin gilashi. Ladan ya leƙa ya ga murjani, kamar duwatsu masu rassa, kifi na shige da fice. Sauran suna ta mamaki, shi kuwa a ransa cewa yake masu gadin wurin ne ke cin kifin a ɓoye.

Da aka sauka sai ya zame, ya zaga bayan gidaje inda ake shanya komaye. Ya zura yatsu a idon koma ɗaya bayan ɗaya, duk manya ne, ƙaramin kifi zai wuce. Ya duba wurin banda, babu ƙanana. Ya yarda, amma ba duka ba.

Da dawowarsa ya roƙi Sarkin Ruwa a rufe lungun duwatsun da karfasa ke ƙwai, har damina ta wuce. Aka rufe. Nan zargi ya juyo kansa. Aka ce an saye shi a can. A gaban jama'a Mudassir, ɗan ƙaninsa, ya ce, "Baba, ka kore mu ne don ka ci kai kaɗai. Gidanka ne fa ya fi kusa da lungun."

Ladan ya san in aka ci gaba da wannan magana, gobe kowa zai koma lungun, sunansa kuma ya ɓaci a banza. Washegari ya naɗe komarsa ya kai zauren Sarkin Ruwa ya rataye, ya jawo kwalekwalensa tudu ya kife.

"To, yanzu a sa min ido," in ji shi. "Ni ma zan sa muku."

Wasu suka ce ai yana da wata komar a ɗaka. Ba a taɓa ganinta ba.

Har yau ana rufe lungun duk damina. Ladan na nan a bakin dam, ƙarƙashin wata tsamiya, yana gyaran komayen mutane. Ta Mudassir ce ya fi daɗewa yana zura wa yatsu.