Takabar Malama Sa'ida

A unguwar Koki, idan mace ta shiga takaba, da zarar 'yan zaman makoki sun watse, Malama Sa'ida ake sa ran gani. Tsohuwar malamar firamare ce. Tun da ta ajiye aiki ta ɗora wa kanta wani: ta shigo da kwandon littattafanta, ta dubi fuskar mai takaba, ta zaɓa mata abin karantawa. Mai yawan kuka a ba ta na haƙuri da ƙaddara. Wadda aka bar wa marayu babu jari, na sana'a da dogaro da kai. Wadda shirunta ya yi yawa kuwa, na sanin kai da gyaran zuciya. Kuma ba ta tashi sai ta karanta mata shafi biyu ko uku da baki.

Bana mijinta Malam Isiyaku ya rasu, takaba ta zo kanta. Matan unguwa suka yi ta dawo mata da littattafanta, kowacce tana cewa, "Malama, wannan ne ya tashe ni." Ta buɗe na haƙurin, ta yi ta maimaita layi ɗaya har aka kira la'asar, bai shiga ba. Ta gwada wani, haka. Sai wani tunani ya fara cin ta: ashe duk shekarun nan maganin da ba ya ci take rabawa? Ta ce wa 'yarta Shamsiyya ta kai kwandon Islamiyyar unguwa, ita kam ta gama.

Kafin a kai, Asibi mai ƙosai, wadda ta yi tata takabar shekarun baya, ta shigo tana ɗingishi, da wani littafi duk maiƙo.

"Malama, ga amanarki."

"Kin gama shi kuwa?"

"Ni? Ina na ga boko? Ko sunana aka rubuta, tafiyar kiyashi nake gani."

Malama ta ɗago. "To me ya sa kika karɓa?"

"In na ƙi, ai ba za ki dawo ba. Kullum in ji sallamarki, in san ranar ta wuce." Ta zauna a tabarma, ta miƙe ƙafa. "Amma kin cuce ni. Kin tsaya a inda matar nan ta cikin littafin ta sayar da tunkiyarta ta ja jari. Ina fita takaba kika ɗauke ƙafa. Har yau ban san ko ta ci riba ba."

"Asibi, wallahi ba ni da ƙarfi."

"Ni ma gwiwata ciwo take, ga ni kuma na zo. Karanta mana."

Malama ta daɗe tana neman wurin. Muryarta ta fito a dishe, kalma tana jan kalma. Ba ta ji wani sauƙi a ƙirji ba, amma ta kai ƙarshen shafin, abin da ba ta yi ba tun ranar jana'iza.

Shamsiyya ta leƙo da mayafi a kafaɗa. "Umma, in ɗauki kwandon?"

Malama ta dubi Asibi, wadda tuni gyangyaɗi ya kwashe, baki a buɗe.

"Bar shi tukuna," in ji ta. Ta lashi yatsa, ta juya shafi.