Santin Tsohon Direba

Har yau, in ƙamshin daddawa ya haɗu da warin baƙin mai a hancina, sai gabana ya faɗi. Jikokina suna cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne, tashar Wudil ce take dawo mini, da wata Juma'a da na tafka rashin kunyar da ban taɓa yin irinta ba.

A lokacin ana ta cewa kuɗi sun shigo ƙasa. Man fetur ya yi daraja, ma'aikata suna sayen babur da rediyo, manyan motoci suna ta tsallake gadarmu ɗauke da siminti da shinkafar waje. Mu dai a Dagumawa labari kawai muke ji. Fari ya riga ya share mana rumbu, a cikin farin nan kuma mahaifiyarmu ta rasu. Mahaifinmu ya bi kuɗin nan zuwa kudu, bai aiko ba, bai dawo ba. Muka rage mu uku: ni mai shekara kamar goma, da ƙanena, da kakarmu da muke kira Iya.

Wata ranar Asabar kawunmu ya zo ya zauna a zaure ya ce tsohuwa ba za ta iya riƙe yara biyu ba. Ni za a kai ni Kano aikatau, ƙanena kuma a miƙa shi wajen dangin uba a Kausani. Ina bayan zana ina jin komai. Iya ta ce, "Ka bar min su zuwa Juma'a. In na kasa ciyar da su da hannuna, ka zo ka kwashe." Washegari ta sayar da akuyarta, wadda ita kaɗai ta rage mana. Ta sayi dawa da kuka da daddawa da man shanu, ta kafa 'yar rumfa a can ƙarshen tashar Wudil, inda motoci suke zubar da baƙin mai.

Ya kamata ku san yadda ake yanke wa abinci hukunci a wancan zamani. Direbobi ne alƙalai. In sun zauna a inuwar mota suna sakace, za ka ji sun bi hanya tun daga Kano har Potiskum suna rarraba masu abinci: wance miyarta tsululu ce, wance tana da hannu amma tana ƙyashin nama, wance kuwa ko kyauta ta ba ka kada ka karɓa. Babbansu wani tsohon direba ne mai farin gemu, inda ya ci nan kowa yake ci. Amma duk wannan hira sai an wanke hannu an bar wurin. Babu magidancin da zai yabi abinci yana kan kwano. Wannan shi ake kira santi, wato daɗi ya kwance maka baki ka kama surutu da loma a hannu, kuma abin kunya ne babba. A gidanmu, in ka kuskura ka ce miya ta yi daɗi kana ci, kafin ka rufe baki Iya ta sakar maka ranƙwashi.

Matsalarmu ita ce wani sabon hotal da aka buɗe a bakin titi. Yana da tebura da aka lulluɓe da leda mai furanni, da cokali mai yatsu, da lemon kwalba a cikin firji, da rediyo mai kaɗe-kaɗe. Shinkafa fara sol suke sayarwa. Na taɓa ɗanɗana wadda wani ya rage, wallahi ba ta da wani ɗanɗano sai gishiri da jan mai. Amma wa zai zauna a tabarma ya ci tuwon dawa da hannu alhali ga kujera? Kowa yana so a gan shi da cokali, ko da zai soke leɓensa.

Ranar Litinin mutum biyu suka ci tuwonmu. Talata mutum ɗaya, shi ma ya ce a rage masa. Laraba ba kowa. Kullum da yamma mu ɗauko tukunya da nauyinta mu koma gida, mu ci ɗumame da safe, mu ci da rana, har ya fara tsami. Na tsani wannan tafiyar. Iya tana gaba, ni ina baya ina lissafin kwanakin da suka rage mini da ƙanena. Ranar Alhamis ta zazzage buhun dawa har ta kakkaɓe shi, ta ce mini, "Ki niƙa a hankali, kada ko ƙwaya ta faɗi."

Juma'a ce ranar kasuwar Wudil. Garin ya cika maƙil, kukan shanu daga kara, ƙahon motoci daga gada. Iya ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka da busasshen kifin kogi, ta zauna. Mutane suna wucewa ta gabanmu kamar ba mu. Ana saukowa daga masallaci sai ga kawu. Ya jingine kekensa, ya leƙa tukunya ya ga ko malmala ɗaya ba a taɓa ba, ya ce a hankali, "Iya, na yi magana da mai motar Kano. Bayan la'asar za su tashi." A bayan keken na hango ƙullin kayana, ashe ya biya ta gida ya ɗauko. Na ji kamar in ruga in faɗa kogi.

A daidai nan tsohon direban ya iso da abokansa uku, suna mita. Hotal ya cika, babu kujera, yunwa kuma ba ta bar su jira ba. Ya dubi rumfarmu a yatsine, ya ce, "Iya, a zubo mana abin da ya samu." Iya ta zuba, ta yaryaɗa man shanu, ta barbaɗa yaji. Suka wanke hannu, suka yi bisimilla.

Na tsaya a kansu kamar an dasa ni. Loma ɗaya, loma biyu, loma biyar, fuskar tsohon nan ba ta nuna komai ba. Na san ko ya ji daɗi ba zai faɗa a nan ba, sai can a inuwar mota, wataƙila gobe, wataƙila a Potiskum, lokacin ni ina Kano ina wanke kwanukan wasu. Ban san sanda bakina ya buɗe ba.

"Baba, don Allah, da daɗi?"

Yarinya ta tambayi dattijo, a gaban mutane, ya yi santi da bakinsa. Iya ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam, yarinya ce, ba ta da wayo." Tsohon ya ɗago ya dube ni, ya dubi kawu da ƙullin da ke bayan keke, ya mayar da kai kwano. Na ce a raina shi ke nan, na ƙarasa kashe mu da kaina.

Ya yanko wata loma, ya dangwalo miya, ya tsaya da ita a hannu yana kallon wajen gada. Sai ya ce da ƙarfi, yadda har na bakin titi za su ji, "Wai ni kam, kifayen kogin nan, in ana ruwan sama ina suke fakewa?"

Abokansa suka dubi juna, suka fashe da dariya har ɗaya ya ƙware. "Santi! A kawo waigi, Maigida zai gangara." Wani ya ruga ya zaro katakon da ake tare tayar mota da shi, ya zo ya tokare masa baya. Tsohon bai ko murmusa ba, ya ce, "Iya, a ƙaro malmala biyu." Dariyar ta jawo 'yan kamasho, ta jawo masu jiran kujera a hotal, kowa yana so ya ɗanɗana tuwon da ya kwance bakin da bai taɓa kwancewa ba. Kafin kiran la'asar muna kankare ƙanzo. Kawu ya kwance ƙullin daga keke ya ajiye a gefen murhu, ya hau ya tafi.

Da muka kama hanyar gida da tukunya fayau, Iya ta tsaya ta sakar mini ranƙwashi ta ce, "Kada ki ƙara." Amma ba ta ɗauke hannunta daga kaina ba har muka shiga Dagumawa, kuma na ji tana jan hanci. Da wannan rumfa ta raine mu. Shi kuwa tsohon, shekara da shekaru ana tsokanarsa da kifaye a kowace tasha. Har ya bar duniya ban sani ba ko tuwon ne ya kwashe shi, ko kuwa ƙullin nan ya gani ya zubar da girmansa saboda ni.

Kwanan baya jikokina suka kai ni wani gidan abinci kusa da jami'a. Kafin su ci sai da suka ɗauki hoton faranti, suna ci suna yabawa suna kushewa, ba mai jin kunya. Mai kawo abincin ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ya kika ji abincin?" Miyar ta yi daɗi ƙwarai. Na riƙe lomata, na ce, "Wai kifayen kogin nan, in ana ruwan sama ina suke fakewa?" Jikata ta zaro waya ta fara nemo mini amsa. Na jira, ba wanda ya ce a kawo waigi.