Dangwalen da Ya Kusa Raba Ni da Raƙumina

Abubuwan shekarun fari da yunwa da yawa sun fita kaina, kuma ban yi kewarsu ba. Amma ranar da mutumin haraji ya zauna a bakin ramina, wannan ba za ni manta da ita ba har a rufe ni.

Ni mahaƙin rijiya ne. Wurin mahaifina na gaji aikin, tare da diga biyu da igiya. Raƙumin da ke jawo min gugan ƙasa kuwa da gumina na saye shi. Ban taɓa yi wa kowa aikin wata ba. Gari ya kira ni, mu yi ciniki, in haƙa, in tafi. Harajina duk shekara da ƙafata nake kai shi garin Isa, in karɓi rasit in naɗe a jakar fata.

Shekarar da damina ta sake ƙi, wani kamfani ya sami kwangilar rijiyoyi tsakanin Isa da Sabon Birni. A wani ƙauye injinsu ya lalace, suka neme ni. Muka yi magana da injiniyansu, wani siririn mutum mai saurin fushi: in na kai ruwa a biya ni, in ban kai ba asarata ce. Ya kafa turke inda awonsa ya nuna. Na duba na ce nan babu ruwa. Na ja raƙumina taki arba'in zuwa gabas, kusa da wani gawo mai suri a gindinsa. Ya yi ta faɗa. Na ce ko nan, ko in koma gida. Ya ce in haƙa kabarina ma in na ga dama.

Kuskurena ɗaya ne. Wata Juma'a motar kamfani ta kawo masara ana raba wa leburori. Gidana an kwana uku ana cin ganyen tafasa. Akawun kamfani ya yafito ni. Na ɗauka taimakon fari ne, don lokacin ana irin wannan rabo ko'ina. Na dangwala yatsa a takarda, na saɓa rabin buhu. Har hular kwano suka ba ni. Ashe takardar sunayen ma'aikata ce. Ban san boko ba, kuma ban ce a karanta min ba.

Bayan mako uku mutanen haraji suka zo bincike. Wai kamfanin yana cire haraji daga albashin ma'aikata bai kai ba. Za a rubuta duk kayan da ke wurin aiki a riƙe har ya biya. Aka bayyana min a fili: in ni ma'aikacinsu ne, kayan aikin nasu ne, da diga da igiya har raƙumin. A shekarar nan, mahaƙin da ya rasa raƙumi ya rasa abincin gidansa.

Babbansu dattijo ne mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Ya riƙe rasit ɗina a hannu ɗaya, takardar masara a ɗaya.

"Malam, wagga ta ce kai na kanka ne, wagga ta ce kai nasu ne. Wace ta yi ƙarya?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, duk yatsana ne. Ɗaya da sanina na sa, ɗaya yunwa ta sa."

Ya tambaye ni wa ke gaya min lokacin fara aiki, na ce rana. Ya tambaya ko ina yi wa wasu aiki, na ce shekaranjiya ma na yashe wata rijiya a Burkusuma, ƙanena ya shiga ramin nan a madadina, ban nemi izinin kowa ba. Ya ce to hular kamfani fa? Na nuna masa. Raƙumina na cin dusa a cikinta. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido.

Ya sa aka kira injiniya. Na kuwa san mutumin nan ba ya sona. Aka tambaye shi ko ni ma'aikacinsa ne.

"Wannan? Da ma'aikacina ne da tun ranar farko na kore shi. Ga turkena can, ga raminsa nan. Ba ya jin maganar kowa."

Zaginsa bai taɓa yi min daɗi irin na ranar ba.

Dattijon ya taka daga turke zuwa rami yana ƙirga sawunsa, ya dawo ya zauna gindin gawo, ya ce in ci gaba da aikina. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na sauka. A zurfin gaba goma sha huɗu, ina sara ina sauraren takun raƙumi a sama. Gab da la'asar yashi ya fara manne wa diga. Na sake sara, sanyi ya taɓa ɗan yatsan ƙafata. Na cika guga da jiƙaƙƙen yashi na girgiza igiya. Daga ƙasa na ji guɗar mata, kamar ana kai amarya.

Da aka jawo ni, wanda ya fara rungume ni injiniya ne, laka har gemunsa, yana cewa sarkin taurin kai ya ci. Dattijon ya ce mutumin da ya zaɓi wurinsa, ya zo da kayansa, ya yarda asara tasa ce, ba ma'aikacin kowa ba ne. Ya ja layi a kan sunana a takardar ma'aikata, ya sa akawu ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. Masarar aka ce a cire daga kuɗin cinikina. Na yarda, tunda an riga an ci. Da ruwan ya kwanta, dattijon ne ya fara alwala da shi. Raƙumina ya sha nasa a hular kwano.

Abin da na koya kaɗan ne, amma ya riƙe ni. Zaman kai ba a baki yake ba, a yadda kake aikinka yake, kuma ranar bincike shi za a duba. Tun daga ranar, ko yunwa na cina, ba na ba takarda yatsana sai an karanta min ita sau biyu.