Goshi, Saniyar da Malam Ya Bari

Shekara tara ke nan da aka kai Malam makwancinsa a Tirmini. Mijina ne. Mun tsufa tare muna gardama, rabinta kuwa a kan shanu. Sai da furfura ta fito na shiga karatun manya, don haka wanda ya ga tuntuɓe a rubutuna ya tsallake.

Malam ba ya gaggauta saniya. In ta fara kuka tana hawan ƴan'uwanta, ya ce lokacinta ya yi, ya kai ta wajen sa, wato bijimi. In ba ta yi ba, ya jira. Ni ce mai cewa jira ba sana'a ba ce. Ya ce, "Hajara, mai haƙuri shi kan dafa dutse." In ce, "Dafa abinka, mu nono muke sha."

Bayansa shanun suka zube, fari ya ci wasu, auren yara ya ci wasu. Saura Goshi, jar saniya, ita ma damina biyu ba ta nemi sa ba. Autana Laminu, mai kabu-kabu a Zango, ya ce, "Inna, dusa kawai take ci. Mahauta suna so." Na ce ya ba ni dama ɗaya. Ya ce ɗaya fa.

Ƙungiyarmu ta mata ta samo likitan dabbobi daga Damagaram. Allura ce kashi-kashi, kowace da ranarta, don shanu duka su nemi sa rana guda, sannan ya zo da irin bijimin waje cikin tulun sanyi ya sa musu da hannu. Muka yi alkawari: ba mai sakin tata cikin garke, ba mai barin san gari ya kusance ta.

Allura ta yi aikinta. Ranar da aka sa, gari ya cika da kukan shanu, har da Goshi. Sai ruwa ya cika ƙorama, moto, babur ɗin likita, ba ya wucewa. Likita ya bugo waya, bai ɓoye mana ba: in lokacin ya wuce, sai a sake daga farko. Sauran mata suna da wata damar. Goshi ba ta da ita. Da la'asar na kwance ta, na ja ta tsakiyar gari kowa na gani, zuwa wajen jan san maƙwabcinmu.

Suka cire ni daga ƙungiya. Da gaskiyarsu, alkawari na karya. Yanzu ranar taro ina jin dariyarsu ta kan danga, ina zaune da carbi.

Me Malam zai ce? Na san shi, zai yi murmushin nan mai ban haushi ya ce, "To, ƙarshe dai wajen sa kika koma." Ni kuma in ce ba don allurar ba, da tuni tana kan teburin mahauta. Da mun kai isha'i ba wanda ya sauka. Amsar tana bakina tun bara, ba wanda zan jefa wa. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, in ji mutane, amma wannan ko mata ba su taya ni ba.

Goshi ta haifi maraƙa, ja kamar uwarta. Laminu ya zo ya duba, ya shafa bayanta, bai ƙara zancen mahauta ba.

Malam bai bar gona mai yawa ba, bai bar suna a birni ba. Amma kullum da safe in na tsuguna tatsa, sai in ga hannuna ya tsaya da kansa, ya bar wa maraƙar nono biyu, yadda Malam yake yi ina masa faɗan ɓarna. Ba wanda ya ce in yi. Ba kuma wanda ke gani.