Zuhura da Tsammanin Kawu Agali

Duk wanda ya san Zuhura ta biron kiwo, wato ofishin kula da dabbobi, a Dakoro ya san ba ta da mazaunai. Ko shayi a tsaye take sha. Ƴar Korahane ce, marainiya, kawunta Agali ya riƙe ta, da nonon shanunsa ta yi karatun lakwal har Maradi. Ta dawo da gilashi da ordinatar, wato kwamfuta, da bakin da ba ya hutawa.

Aikinta kuwa, kowace kaka a yanko ciyawa daga makiyaya a auna, ita ta faɗa ko za ta kai dabbobi damina. Manhajar lissafin da take aiki da ita ba ta ba da amsa sai an fara gaya mata abin da ake tsammani, sannan ta haɗa shi da awo. To Zuhura ba ta yarda da tsammani ɗaya ba, uku ta adana, kowanne da sunansa: na tsoffin takardun biro, na shekarar fari, da na Kawu. Shekara shida tana zuwa ta tambayi tsohon, ta zuba maganarsa a ciki.

Bana motar biro ta mutu. Wuri bakwai kawai aka auna maimakon arba'in, kuma in awo ya yi kaɗan, tsammani ke jan amsa. Na takardu ya ce ciyawa za ta kai. Na Kawu ma haka. Na shekarar fari ya ce kafin tsakiyar rani ƙasa ta koma fayau.

Kwana uku tana safa da marwa. In ta ce a sayar, mutane su zubar da shanu a banza. In ta ce a zauna, shanun su mutu a tsaye. Tsoro take ji, ba ta kuma ɓoye ba.

"Madam Zuhura, rediyo na jira," in ji shugabanta, Mushe Badaru. "Layi ɗaya nake so, ba uku ba."

Biyu sun rinjayi ɗaya, kuma yaushe Kawu ya taɓa yi mata ƙarya? Ta rubuta: ciyawa za ta kai.

Ran Juma'a ta kasa zama, ta hau babur sai Korahane. Ta tarar da garken Kawu ya zabge, sai tsoffin shanu da maruƙa.

"Kawu, ina sauran?"

"Sun yi kudu tun wancan mako. Ciyawar bana ai ba ta da jiki."

"Haba Kawu! Kai fa ka ce mini za ta kai!"

Tsohon ya dube ta da mamaki. "Ke, ɗiyata, da bakina zan yi wa shekara mugun fata? Ko wace shekara haka nake cewa. Da kin tambaye ni ina zan kai shanu, da na gaya miki."

Ashe shekara shida addu'ar tsoho take zubawa a lissafi! Ta juya babur, tana neman lambar Mushe Badaru, sai ga Inna Mata, maƙwabciyarsu mai shanu huɗu da marayu biyar, ta tare ta tana washe baki.

"Allah ya yi miki albarka, ƴar nan! Har na ɗaure biyu zan tura su bi na kawunki kudu, sai muka ji maganarki a rediyo, na kwance su."